Kafso a Cikin Tsaraba

Duk Asabar nakan je gida. Aiki nake yi a sakateriyar ƙaramar hukuma a Kankiya, a ɗakin da ake ajiye fayil, gidanmu kuwa yana wani ƙauye bayan Yashe, a ƙasar Kusada. In ka sauka daga kwalta sai ka bi burji, in burji ya ƙare sai turba tsakanin gonaki. Da wani tsohon babur nake zuwa, wanda salansarsa ta fashe tun ban san yaushe ba. Bakanike ya sha yi mini magana a kanta, ni kuwa na ce a bar ta haka, ko ba komai awaki suna ba ni hanya tun daga nesa.

A bayan babur ɗin nakan ɗaure wata baƙar jaka da aka raba mana a wani taron bita. A cikinta tsaraba take: burodi, goron Inna mahaifiyarmu, sabulu, ganyen shayi, wani lokaci lemo in na samu mai kyau a bakin tasha. Sai kafso. Gara in manta da goro da in manta da kafso, don goro akwai shi a ƙauye.

Abin ya samo asali ne daga wani maruru da ya fito wa Inna a ƙafa, ya hana ta taka ƙasa. Na shiga wani kemis kusa da inda motocin Kano ke tsayawa, na faɗi abin da ke damunta, aka yanko mini kafso mai ja da ruwan ɗorawa. Kwana biyu da sha marurun ya fashe, ya bushe. Tun daga ranar Inna ta ɗauke ni likita, ni ma ban yi musu ba. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, sai dai ta ce "na Kankiya". In zan koma ranar Lahadi takan raka ni har bakin zaure, ta ce, "Na Kankiya, in za ka taho ka ƙaro mamu na jan nan, ya yi ƙasa."

Tana da wani gwangwanin madara mai murfi da take ajiyewa a kan ragaya, a nan magani ke zama. Dokarta guda ce, kuma duk gidan an san ta: ba a ɓarnar magani. In yaro ya kwanta da tari ko zazzaɓi ko gudawa, a buɗe kafso a zazzage garin cikin koko a ba shi. Ranar da ya miƙe ya nemi tuwo, magana ta ƙare, ragowar ta koma gwangwani ta jira wani. Matan maƙwabta sun san da gwangwanin nan. Mace takan yi sallama da hantsi, a gaisa, a taɓa hira, sai ta ce ɗanta ya kwana da tari, Inna ta miƙe ta ɗebo mata biyu ko uku a ƙulle a leda. Yadda ake ɗiban gishiri ko garwashin wuta a maƙwabta, haka ake ɗiban kafso a gidanmu. Har kajin Inna sun sha rabonsu a cikin ruwa in mura ta shigo musu.

Kada in ɗora wa tsohuwa abin da ba ita kaɗai ta yi ba. Ni na ƙarfafa mata gwiwa. Ina da wani ilimi da na ƙirƙiro da kaina, nake rabawa kyauta a ƙofar gida bayan la'asar, wai yawan shan magani yana sa jiki ya saba da shi, don haka da mutum ya ji sauƙi ya dakata. In na faɗa sai manoma su gyaɗa kai, saboda mai faɗar yana aiki a ofis, yana da biro biyu a aljihun gaba. Akwai wata ma'aikaciya a sashen lafiya na sakateriyarmu da ta taɓa ganin ina cusa kafso a jaka wata Juma'a. Ta tambaye ni wa ba shi da lafiya, na ce babu kowa, tsaraba ce. Ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Malam, wannan ba alawa ba ce. Wata rana za ku neme shi ya yi maku aiki ya ƙi." Na yi dariya, na ce mata ai su ma'aikatan lafiya ba sa son kowa ya san sirrinsu. Na daɗe ina jin daɗin amsar nan, har na ba wa abokai labari.

Ƙanena shi ke zaune a gida yana noma, shi da matarsa da 'ya'yansu. Babbar 'yarsa sunan Inna aka sa mata, shi ya sa babu mai kiran sunanta a gidan. Ni "uwata" nake ce mata, ita kuma tana ce mini Baba. A lokacin da nake ba da labari shekararta shida. Yarinya ce mai kunne. In ana hira a ɗaki tana tsakar gida tana wasan 'yar tsana, gobe za ta maimaita maka hirar har da tarin da mai maganar ya yi. Ƙarar babur ɗina kuwa tana jin ta tun ina kan burji, kafin kowa ya ji. Sai ta yar da abin da ke hannunta ta ce, "Baba ya taho." Uwarta ta ce ƙarya take yi, babu wata ƙara. Kafin a gama gardama na iso, na tarar da ita a bakin turba tana jira.

Ita ke kwance jakar. Ba ta yarda wani ya taɓa. Takan zauna a tabarma ta fito da kaya ɗaya bayan ɗaya tana rabo kamar mai unguwa: burodi na yara, sabulu na uwarta, goro da kafso na Inna. Da hannunta take kai wa Inna maganin, ta tsaya har sai ta ga an saka a gwangwani an rufe. Ita ce kuma ta fi kowa shan sa a gidan, don mai yawan tari ce tun tana goye. In ya taso a ba ta na kwana biyu, ta miƙe, a mayar da saura.

Wata Asabar cikin bazara, lokacin da zafi ke hana mutum zama a ɗaki, na iso bakin turba ban gan ta ba. Na kashe babur a ƙofar gida, shiru. Na same ta kwance a tabarma a inuwar ɗakin Inna, jikinta kamar an ɗauko ta daga bakin murhu. Numfashi take yi sama-sama, da sauri, in ta ja sai ka ga fatar ƙasan haƙarƙarinta tana lotsawa ciki. Ta buɗe ido ta ce, "Na ji ka tun can, Baba, tashi ne ban iya ba."

Inna ta ce kwana uku ke nan suna ba ta na cikin gwangwani, safe da yamma, amma jikin bai saki ba. Ƙanena ya ja ni gefe.

"Yaya, ni dai da mun kai ta asibiti yau. Ban taɓa ganin ta haka ba."

"Asibiti ranar Asabar?" na ce masa. "Ka je ka zauna a benci har dare, a rubuta maka abin da ke cikin jakata? Ciwon haƙarƙari ne, na san shi. Wancan ya yi mata ƙaranci ne. Na taho da wani sabo, ya fi shi ƙarfi. A ba ta zuwa Litinin mu gani."

Ni ne babba, ni ne ɗan boko, shi kuwa ko firamare bai gama ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya." Na sha tuna wannan "to" ɗin. Da ya yi mini rashin kunya ranar, da ya ɗauki 'yarsa ya wuce ni, da na gode masa har in mutu. Amma mu ba haka aka rene mu ba.

Na koma Kankiya ranar Lahadi. Litinin na kira, aka ce da ɗan sauƙi, ta sha koko. Talata da hantsi ina cikin fayil wayata ta yi ƙara. Ƙanena ne. Ya ce tun asuba take amai, tana kuka da kanta, ba ta son haske, kuma wuyanta ya ƙi lanƙwasuwa. In an ɗago kanta sai duk jikin ya taso tare. Bai faɗi sunan ciwon ba, ni ma ban faɗa ba. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san sanƙarau, ya san kuma da zafi yake zuwa. Na ce su nemi mota su taho yanzu.

A asibitin Kankiya wani likita matashi ya karɓe mu. Ya duba ta, ya saurari ƙirjinta, ya gwada wuyan, sannan ya juyo ya tambaya ko an ba ta wani abu a gida. Ni na amsa. Har a wannan lokacin akwai sauran alfahari a bakina. Na lissafa masa: mai ja da ruwan ɗorawa kwana uku, sannan wani da na kawo kwana uku, kafin nan kuma a watan da ya wuce ta sha wani fari na kwana biyu, da wani na ruwa da aka samo a maƙwabta.

"Wa ya rubuta mata?"

"Babu wanda ya rubuta. Muna da su a gida."

Bai yi mini faɗa ba. Ya rubuta abin da na faɗa, ya ce a kwantar da ita, aka sa mata ƙarin ruwa, aka fara allura ta jijiya. Ya ce wannan allurar ita ake fara ba wa masu irin ciwon, kuma yawanci cikin kwana biyu ake ganin canji. Na riƙe maganar nan ta kwana biyu kamar wanda aka ba wa takardar alkawari.

Kwana biyu suka cika, babu canji. Zazzaɓin yana nan inda yake. Ta daina gane mu, in uwarta ta kira ta sai dai ta yi nishi. A rana ta uku da safe ta yi jijjiga, idanunta suka kafe, uwarta ta fito da gudu ba ko mayafi. Likitan ya zo, aka yi mata abin da za a yi har ta lafa. Daga nan ya kira ni da ƙanena ya ce maganin ba ya cin ciwon yadda ya kamata, kuma shi ba zai zauna yana canki-canki da ran yarinya ba. Ya rubuta mana takarda zuwa wani babban asibiti a Katsina inda za a iya gwada ƙwayar cutar a ga abin da zai kashe ta.

A Katsina aka ce za a ɗebi ruwa daga ƙashin bayanta. Uwarta ta ƙi da farko, don a ƙauye ana cewa duk wanda aka ɗebar wa ruwan baya ba ya tashi. Ƙanena ya dube ni, yana jiran in yanke, kamar kullum. Na ce masa, "Ɗiyarka ce. Kai za ka faɗa." Wannan ne karo na farko da na taɓa ce masa haka, kuma ba don girmamawa na faɗa ba, tsoro ne ya kama ni. Ya sa hannu aka ɗiba. Nas ta wuce ta gabanmu da 'yar kwalbar, na ga ruwan ya yi fari-fari kamar ruwan wankin gero. Ba sai an gaya mini ba, na san ba haka ya kamata ya zama ba.

Aka ce sai an shuka ƙwayar cutar a ɗakin gwaji, ta tsiro, sannan a gwada mata magunguna ɗaya-ɗaya. Zai ɗauki kwanaki. Kafin nan aka canza mata allura, aka ci gaba. Uwarta ce ke tare da ita a ɗaki, mu maza muna waje a ƙarƙashin wata bishiyar bedi, wato dogon yaro, tare da sauran masu jinya. Ban taɓa sanin yini yana da tsawo haka ba. Ni mutum ne mai son a ce ga abin yi, in tashi in yi, in kuma yi wa wanda bai yi ba faɗa. A nan babu abin yi. In an kira salla mu je, mu dawo mu zauna. In lokacin dubiya ya yi mu shiga mu tsaya a kanta, mu fito. Inna takan kira a waya daga ƙauye ta tambaya, "Ta ci abinci?" In ce mata tukuna. Wata rana ta ce, "Ko in aiko da na gwangwani a haɗa mata da nasu?" Na kashe wayar ban amsa ba, abin da ban taɓa yi mata ba.

Ranar da sakamako ya fito, likitar da ke kula da ɗakin yara, wata mace mai sanyin magana, ta kira mu ofishinta. Ta ajiye takarda a gabana don ta ga ni ne mai karatu. Sunayen magunguna ne a jere, kowanne da alama a gabansa. Ta sa biro tana bi tana cewa, wannan ba ya yi mata, wannan ma ba ya yi, wannan ya raunana. Na san sunayen nan. Na sha karanta su a bayan kwali a kemis ɗin bakin tasha. Uku na farko duk sun taɓa kwana a jakata.

Ta yi mana bayani da Hausa, a hankali. Ta ce ƙwayar cutar da ta kama huhun yarinyar ita ce dai ta bi jini ta hau har rufin ƙwaƙwalwa, ciwo biyu ne amma mai shi ɗaya. Ta ce irin wannan ƙwayar tana zama a hanci da maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta yi musu komai ba. Duk lokacin da aka sha magani ba bisa ƙa'ida ba, ko aka sha inda ba a bukatarsa, raunanan cikinsu su mutu, masu taurin kai su rage, su hayayyafa, su bi tari da atishawa su koma jikin wani.

Na ce, "Wato jikinta ne ya saba da magani."

"A'a, Malam. Ba jikinta ba. Ƙwayar cutar ce ta saba."

Shekaru ina koyar da mutane abin nan a juye, a ƙofar gidanmu, suna gyaɗa kai. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, a gaban ƙanena. Na tambaye ta kai tsaye ko ni na jawo. Na gaya mata komai, gwangwani, tsaraba, har Asabar ɗin da na hana a kawo ta. Ta saurare ni har na gama. Ta ce jinkirin bai taimaka ba, ba za ta ɓoye mini ba. Amma game da ƙwayar, babu wanda zai iya cewa a gidanmu ta koyi taurin kai. Tana iya yiwuwa a makarantar allo yarinyar ta ɗauko ta, ko a gidan biki, ko a mota. "Gwangwanin ba a gidanku kaɗai yake ba," in ji ta. Na so ta zage ni. Da ta ce ni ne, da na san inda zan kai kaina, in nemi gafara, in ɗauki hukunci. Sai ta bar ni da abin da ba ni da ikon ɗauka ni kaɗai, ba ni kuma da ikon ajiyewa.

A ƙasan takardar akwai guda ɗaya da ta ce yana yi sosai. Ba a ko'ina ake samunsa ba. Aka bincika, aka ce akwai a Kano. Washegari da sassafe na shiga mota da baƙar jakar nan tawa, na je na karɓo, na juyo. A hanyar dawowa muka wuce mararrabar da nake sauka in zan je gida, muka wuce Kankiya, na hango kemis ɗin ta taga, mutane uku a tsaye a gaban kanta. Na rungume jakar a ƙirji har Katsina, duk wanda ya matso kusa da ita sai na harare shi.

Kwana biyu da fara sabon maganin zazzaɓi ya fara sauka. A rana ta huɗu ta buɗe ido ta nemi ruwa. Uwarta ta fito tana kuka tana dariya, ƙanena ya yi sujada a nan ƙarƙashin bedi, a kan tsakuwa. Ni ma na yi kuka, ban ɓoye ba. Na kira Inna na ce takwararta ta tashi. Na ji tana ta kabbara, matan gida suna tambaya a bayanta.

Sai da aka kwana biyu muka lura. Lokacin dubiya ne da yamma, ɗakin cike da mutane, wata mai jinya ta saki kwanon silba da murfinsa a kan siminti. Duk ɗakin ya zabura, har wani jariri ya fashe da kuka. Uwata tana zaune a gado tana wasa da bakin zanen uwarta, ko kai ba ta ɗago ba. Na zagaya bayanta na kira ta. Na sake kira da ƙarfi. Na tafa hannu daidai kunnenta. Sai da na dawo gabanta ta gan ni, ta yi murmushi, ta yi magana da wata irin murya mai ƙarfi da ba tata ba.

"Baba, don mi kuke ta motsa baki ba ku magana?"

Aka kai ta wani ɗaki aka gwada kunnuwan, duka biyun. Likitar ta ce ciwon yakan taɓa jijiyar ji in ya daɗe kafin a ci ƙarfinsa. Ƙanena ya tambaya ko akwai magani. Ta ce za a sake gwadawa bayan wasu watanni, amma kada mu sa rai da yawa. Ya ce, "Allah ya sa haka ne ya fi alheri." A mota da za mu koma gida ina jira ya ce mini wani abu, ko da kalma ɗaya mai ɗaci. Bai ce ba, har yau bai ce ba. Da muka tsaya a hanya ma shi ya sayo mini ruwa.

Da muka isa gida mutane suka yi ta zuwa barka da arziki. Wata tsohuwa ƙawar Inna ta zo da ƙwai biyar a ƙwarya, da kafso huɗu a ƙulle a bakin zane, ta ce a riƙa ba yarinyar don ta ƙara ƙarfi. Da zuciya ɗaya ta kawo. Na karɓa na yi godiya, don ban san yadda zan yi ba.

Da yamma na shiga ɗakin Inna na sauko da gwangwanin. Ta ce, "Ina za ka kai shi?" Na yi mata bayanin da likita ta yi mini, iya yadda na fahimta. Ta saurara, ta ce, "Na Kankiya, abin da Allah ya rubuta wa ɗiyar nan ba kahso ya rubuta shi ba. Shekara nawa muna sha muna tashi?" Na ce haka ne, Inna, amma zan tafi da shi. Ba ta hana ni ba. Ta dai juya mini baya tana gyaran shimfiɗa, ta ce in bar mata gwangwanin in na zubar, tana so ta sa allura da zare. Na tafi da maganin Kankiya na kai wa ma'aikaciyar nan ta sashen lafiya, na ce ta san yadda za ta yi da shi. Ta karɓa, ta tambayi jikin yarinyar, ba ta tuna mini da komai ba.

Na ɗauka in na cire namu wani abu zai canza. Asabar ta gaba ina zaune a zaure wata maƙwabciya ta shigo neman na tari. Inna ta ce babu, na Kankiya ya kwashe. Matar ta ce to, ta fita, ina kallonta ta shiga gida na gaba, ta fito da ƙulli a hannu. Na gwada yi wa maza magana bayan la'asar, a daidai wurin da na saba koyar da su. Suka saurara, suka jajanta. Wani dattijo ya ce gaskiyata, maganin yanzu ba shi da ƙarfi, shi ya sa shi bibbiyu yake sha. Suka gyaɗa masa kai yadda suke gyaɗa mini a da. Na buɗe baki in yi faɗa, na ga ba ni da bakin yi. In na bi ta bakin tasha ranar Juma'a nakan ga masu tafiya ƙauye suna yankar kafso tare da burodi. Akwai yara a gidanmu ƙanana da ita, suna tari kamar kowane yaro, suna wasa da yaran waɗancan gidajen. Duk lokacin da ɗaya ya yi zazzaɓi sai in ce a kai shi asibiti yau, sannan in zauna ina tunanin takardar gwajin nan da abin da zai rage a ƙasanta in an sake bugo ta.

An sake gwada kunnen bayan watanni, babu abin da ya dawo. Maganarta ta fara lanƙwashewa, wasu kalmomin sai uwarta ce kaɗai ke ganewa. Muna neman makarantar da za ta karɓe ta. Bakanike har yanzu yana yi mini maganar salansa, ni kuwa na kasa cewa a gyara.

Yanzu in na iso ranar Asabar ba na samun kowa a bakin turba. Asabar ɗin farko da ta samu ƙarfin fitowa, na tarar da ita zaune a ƙofar gida ta ba hanya baya, tana jera 'yan duwatsu. Na zo har kusa da ita da duk ƙarar nan, awaki suna watsewa, ba ta juyo ba sai da inuwata ta faɗo a kan duwatsun. Ta tashi da murna. Ban kashe babur ɗin ba tukuna, sai ta ɗora tafin hannunta a kan tanki, ta tsaya tana jin rawar da yake yi.

"Har yanzu yana ƙara, Baba?"

Na gyaɗa kai.

Ta kwance jakar da kanta, ta kai tabarma, ta fara rabo. Burodi na yara. Sabulu na uwarta. Goro na Inna. Ta sa hannu ta laluba ƙasan jakar, ta zuge ƙaramin aljihun, ta juye ta ta kakkaɓe. Sannan ta ɗago ta dube ni, da muryar nan mai ƙarfi, yadda duk gidan zai ji.

"Baba, ka manta kahson Inna."

Na durƙusa a gabanta. Ba ta iya karatu ba tukuna, ni kuma ban san yadda ake faɗin wannan da hannu ba. Ta ɗan jira, ta ga bakina bai motsa ba, sai ta dafa kafaɗata.

"Ba komai," ta ce. "Ka taho da shi wata Asabar."